Yadda Na Suturta Gawar Baturiya a Damari

Tun da na dawo daga Damari ba a bar ni na sha ruwa ya kwanta mini ba. In na je gidan suna, sai a ce, "Baba Hajara, wai da gaske ne kin lulluɓe talabijin da mayafinki?" In na je gaisuwar mutuwa, ana shafa fatiha wata za ta matso ta raɗa mini, "Baba, wai yanzu har fim kike kallo?" Kowa ta ɗauki labarin sai ta ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai suma na yi aka yayyafa mini ruwa. Ni Hajara, suma! Shi ya sa na zaunar da matar ɗana da takarda da biro, na ce rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai wankan gawar mata a 'Yargoje. Wurin uwata na gada, ita ma wurin tata uwar. Kuma duk yaron da ya tashi a unguwarmu ya san daɗin tatsuniyata, ya san tsoronta. Wannan ba yabon kai ba ne, a tambaya.

Bara da damina ɗiyata ta fari ta rasu a ɗakina, jinya ce ta dawo da ita gida. Kun san kunyar ɗan fari irin tamu: ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa rungumar ta a gaban mutane ba. Mata suka ce in bari wata ta wanke ta. Na ce wa? Duk garin nan wa ta kai ni? Ranar nan na samu na riƙe 'yata son raina. Abin da ban sani ba, ɗiyarta Ummi, takwarata, wadda a lokacin take famfarar haƙori, tana leƙe ta kafar zana.

Daga ranar nan Ummi ba ta ƙara cin abin da hannuna ya taɓa ba. Yarinyar da ba ta barci sai a cinyata, ba ta shan fura sai wadda na dama, in na miƙo hannu sai ta noƙe kamar ta ga kububuwa. Bayan sadakar arba'in ubanta ya tafi da ita Damari, can ƙasar Sabuwa, wurin uwarsa Hajiya Asabe. Na ce lokaci magani ne. Sai ga Hajiya Asabe ta kira wayar ɗana bayan an cire masara, ta ce, "A ce wa Hajara ta zo ta ga takwararta. Ba ta wasa da yara, ba ta dariya, ba ta da aiki sai kallon fim ɗin matattu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru."

Ban san mene ne fim ɗin matattu ba, amma na san matattu. Na soya gyaɗa da aya, na daka, na dunƙula dakuwa da hannuna, na ce in Allah ya yarda sai ta ci.

Motar da ke bi ta 'Yargoje a cike take zuwa, don haka sai da na hau mashin na koma baya zuwa Ƙanƙara, ranar kasuwa. Na saya wa Ummi awarwaro da ɗankwali, na shiga tasha. Aka cusa mu cikin wata ƙaramar mota kamar ana cusa auduga a buhu. Gefena wata 'yar kasuwa ce mai faɗin jiki da faɗin baki, kafin mu bar gari har mun zama 'yan uwa, ina ɓare gyaɗa ina zuba mata a tafi. Da muka zo wucewa ta 'Yargoje, maƙwabciyata tana bakin titi, ta hango ni ta taga, ta ɗaga murya, "A'a, Baba Hajara, har kin dawo? Ya mutanen Damari?" Na ce suna gaishe ki.

Hanyar Sheme da 'yan bindigarta ba sai na faɗa muku ba. Akwai wurin da in mota ta kai, hira takan mutu da kanta, direba ya kashe rediyo, kowa ya kama abin da ya iya na addu'a. Allah ya fisshe mu lafiya muka iso shingen masu tsaro. Wani saurayi da bindiga a kafaɗa, da ladabinsa kuwa, ya ce, "Baba, a taimaka a kwance ƙunshin nan." Na kwance. Ga dakuwa, ga zannuwana, ga farin yadi a naɗe da zare da allura.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Likkafanina ne, ɗan nan. Ba na tafiya ba shi."

Sai yaro ya ja da baya ya ce, "Allah ya ba ki yawan rai, Baba, ɗaure abinki." Direba kuwa ya ɗora hannu a ka. "Haba Baba! Likkafani a motata? A wannan hanyar? Wane irin fata ne wannan?"

Na ce, "Kai da ka ɗauko tayar safaya, fatan faci kake yi?"

Mota ta ɗauki dariya. Amma da wani dattijo ya gane ni ya ce ai mai wankan gawar 'Yargoje ce, sai na ga ƙawata 'yar kasuwa ta dubi gyaɗar da ke tafinta, ta faki idona ta zubar ta taga. Ta takure jikinta wuri guda, ita da ta danne mini rabin cinya tun daga Ƙanƙara. Na samu wuri na miƙe ƙafa, amma raina bai yi daɗi ba. Na ce a zuciyata, babba ma ke nan, ina ga yarinya?

Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Aka fiddo safaya, babu iska ko ta hura wuta. Na dubi direba na ce, "Nawa dai a shirye yake." Bai ƙara yi mini magana ba.

Kafin a gyara la'asar ta yi sanyi, kuma a ƙasar nan ba direban da ke wasa da yamma. Sai na tuna da Dije, ƙawata ta ƙuruciya da aka kai aure Faskari tun muna da haƙora. Na ratse na nufi can. Na iske ta a tsakar gida, ido ya yi rauni, amma ina yin sallama ta ce, "Wannan muryar mai tsorata yara ce. Hajara, ba ki mutu ba?" Na ce, "In na mutu wa zai wanke ki?"

Mutanen Faskari akwai karɓar baƙo, sai dai miyarsu ta kuka kamar da gayya ake zuba mata barkono, ina ci ina share hawaye, Dije na cewa kewarta ce ta sa ni kuka. Na ba ta labarin Ummi da na 'yar kasuwa. Ta ce, "Miƙo mini dakuwar nan, ni ko wa kika wanke sai na ci." Ta ci, ta suɗe yatsa, ta ce, "Ki ji, Hajara. Ke matsalarki gaggawa. Yaro kaza ne, in kin bi shi gudu zai yi. Zauna ki watsa tsaba ki kau da kai." Da safe da za mu rabu ta riƙe mini zane ta ce, "In na riga ki, ke za ki zo. Kuma ruwan da ɗumi, kin san ba na son sanyi." Na ce, "Ki dai biya kuɗin mota."

Daga nan sai Funtuwa, inda 'yan kamasho suka yi ta jan ƙunshina kowa na cewa uwarsa ce ni, sai Dandume, sai mashin zuwa Damari. Ƙasarsu ƙasar rake ce da masara. Tuwonsu fari fat kamar na marar lafiya, ka ci ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu ya bi ruwa, ba kamar namu na dawa ba da ke zama inda aka aje shi. Kuma komai sai sun jefa masa mazarƙwaila, har koko. Amma mutane ne na kirki, ba na ci musu baya.

Hajiya Asabe ta tarye ni da guɗa, ta ce, "Maraba da mutanen daji!" Na ce, "Mun zo ganin masu cin tuwon takarda." Muna cikin gaisawa sai ga Ummi a bakin ƙofa. Ta yi tsawo, ta rame, sabbin haƙora sun fito mata manya. Ta durƙusa daga nesa, hannuwanta biyu a bayanta, ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka." Na manta da maganar Dije, na miƙa hannu na ce, "Taho mana, takwara." Ta dubi hannun, ba fuskata ba, ta zame ta fita. Hajiya Asabe ta bi ta da dakuwa, ta ce ai ita ta sayo a kasuwa. Na ji yarinya na cewa, "Ita ta dunƙula. Ga shaidar yatsunta." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Kashegari bayan azahar na ga abin da ake kira fim ɗin matattu. Gidan suna da wutar sola, kuma da rana take da ƙarfi, don haka sai a fiddo talabijin a rumfa, matan gida da na maƙwabta su zo da masararsu suna ɓara suna kallo. Rabi, matar ƙanen uban Ummi, ita ce mai kunnawa. Na ce, "Tatsuniya da rana tsaka? Mu a garinmu mai yin haka ɓata yake yi." Rabi ta ce, "Baba, wannan zombi ne, matattu masu yawo, zauna ki gani." Ummi ta zauna can gaba ita kaɗai, ta ƙura ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Garin Turawa ne, amma duk Hausa suke yi, kuma da murya guda. Rabi ta ce wani mutum ne ke fassarawa, shi ne mace, shi ne namiji, shi ne tsoho. Na ce wannan ai sana'ata ya sata. Ana nan sai aka nuno wani ɗaki a asibiti, ga wata Baturiya kwance a kan tebur, ta cika. Ido a buɗe, baki a buɗe, gashi a watse, ɗan ƙyallen da aka yafa mata ko gwiwa bai kai ba. Ga maza na shiga suna fita. Ga mu nan kuma mun zuba mata ido muna ɓarar masara. Sai ƙyallen ya fara zamewa, tana yunƙurin tashi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Na tuɓe mayafina na lulluɓe talabijin ɗin ruf, na juyo na ce, "Ba ku da kunya? 'Yar mutane ce fa! Ko ba ta da dangi, ku ba mata ba ne? Haka za ku so a yi muku?"

Sai daga ƙarƙashin mayafina muryar mai fassarar nan ta fito, ya maƙale ta kamar ta tsohuwa: "Wayyo bayana! Jama'a, ba mai ɗan tuwo ya sam mini?"

To, nan fa. Hajiya Asabe ta kife a kan masara, Rabi ta riƙe ciki ta fita da rarrafe, wata maƙwabciya har ɗankwalinta ya faɗi. Ni kuwa ina tsaye ba mayafi, kamar an kama ni a kasuwa. Da Rabi ta samu numfashi ta ce, "Baba, 'yan wasa ne. Fenti ne aka shafa musu. In an gama wanka suke yi su tafi gida su ci abinci." Na ce, "Ko da wasa, ba a wasa da tsiraicin gawa." Na janye mayafina a hankali, sai da na leƙa na tabbatar ta samu riga. Duk cikinsu mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ummi ta juyo tana kallona, kuma wannan karon fuskata take kallo.

Na koma na zauna na ba su rabin baya, amma ido ba ya jin magana. Matattu suka cika titi, suna jan ƙafa, hannu a miƙe, tufafi duk ƙasa, wanda suka ciza shi ma ya zama su. Abin ya ci mini rai, bakina ya ƙi shiru. Na ce, "Dubi wannan, ko haɓa ba a ɗaure masa ba. Dubi waccan, da an haɗa mata manyan yatsun ƙafa an ɗaure, ina za ta? Garin da ba mai wanka ai dole gawa ta yi yawo." Ina faɗa suna dariya, har Rabi ta ce a kashe muryar mai fassara a bar Baba.

Sai ga wani ƙaton mutum mai tumbi, matsoraci na ƙarshe, kowa ya ɗauki bindiga shi ya ɗauki kaskon suya. Wani matacce ya biyo shi, ya kai masa hannu, hannun ya cire ya faɗi ƙasa. Mataccen ya tsaya, ya duƙa ya ɗauki abinsa, ya rasa inda zai sa, mai fassara na cewa, "Malam, don Allah riƙe mini wannan in kama ka." Jama'a, ni da na shekara ban yi dariyar kirki ba, sai ji na yi ta ƙwace mini har da tari. Nan na gane abin. Ai haka nake yi wa yara: in kumbura dodo har su daina numfashi, sannan in sa shi ya zame a kan kashin kaza. Tsoron da aka yi wa dariya ba ya bin mutum ɗaki.

Da safe ina zaune a bayan ɗaki ina tsintar shinkafa, sai na ji motsi. Ummi ce, ta raɓe jikin bango. Na tuna Dije, na kau da kai na ci gaba da tsinta.

Ta ce, "Kaka."

Na ce, "Na'am, takwara."

"Ummata, kin ɗaure mata yatsun?"

Hannuna ya tsaya a cikin faifai. Na ce, "Na ɗaure."

"Da haɓar?"

"Da haɓar."

Ta murza gefen zanenta, ta ce, "Kullum ina dubawa a cikinsu ko zan gan ta. Ina so in gan ta. Amma ba na so in gan ta da datti, ana bugun ta da kasko."

Ashe abin da yarinyar nan ke ɗauke da shi ke nan, ana ta yi mata hayaƙi. Mu masu wanka ba mu faɗin abin da muka gani, sai in alheri ne. Wannan kuwa alheri ne. Na ce, "Saurara, takwara. Waɗancan ƙarya ce irin ta tatsuniya, kin ji Rabi ta faɗa. Wanda ya tafi ba ya tasowa sai ranar da Allah zai tashe mu duka, kuma ba ɗaurina ke riƙe shi ba. Amma tunda kin leƙa kin ga rabi, bari in ba ki sauran. Ruwa mai ɗumi na sa mata, da ganyen magarya. Na tsefe mata kai a hankali, don kin san ta da zafin kitso, na taje, na yi mata kalaba. Na shafa mata turare, na sa ta cikin farin da ko ƙuda bai taɓa ba. Fuskarta kamar ta gama aiki ta kwanta. Duk matan da na wanke ba wadda na yi wa kamar Binta."

Ummi ta zaro ido. "Kaka, kin faɗi sunanta!"

Na ce, "Ban faɗa ba, kunnenki ne."

Bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi, sai ta juya ta ruga. Ban bi ta ba. Na ci gaba da tsintar shinkafa, ko da yake ban ƙara ganin tsakuwa ba sai da na goge ido.

Da azahar ta yi, ni na fara shimfiɗa tabarmata a rumfa, Hajiya Asabe na cewa, "A ɓoye mayafai, ga mai sutura ta iso." Rabi ta sa wani sabo. Ummi ta zo, ba ta tafi gaba ba, ta zauna a bakin tabarmata, tsakaninmu kamar kamu biyu. Na yi kamar ban gan ta ba.

Wannan ya fi na jiya sharri. Wata mata ta ɓuya a ɗakin girki, kiɗa ya ɗauke, mai fassara ma ya yi shiru, ba ka jin komai sai jan ƙafa a bayan ƙofa. Ƙofa ta fara buɗewa a hankali. Ni kaina, da na kwana ɗaki guda da gawa ba sau ɗaya ba, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Sai na ji an fizgi hannuna. Ummi ce, ta kama shi da hannu biyu ta manna a kan idonta, ta buɗa yatsuna tana leƙe ta tsakaninsu. Ban motsa ba. Ko numfashi ban yi da ƙarfi ba, kamar wadda tsuntsu ya sauka a kafaɗarta.

Wani matacce ya shigo da ruri, ya taka bokiti, ƙafarsa ta maƙale, ya yi ta zagaya ɗaki ƙwaram-ƙwaram yana neman matar, ita kuwa tana bayansa da muciya. Rumfa ta fashe. Kafin in ji dariyar Ummi da kunne, a tafin hannuna na ji ta, ɗumi-ɗumi. Ba ta saki hannun ba. Ta shinshina shi, ta yamutsa fuska ta ce, "Kaka, hannunki warin daddawa yake."

Na ce, "To da warin me kike so ya yi, marar kunya?"

Ta ce, "Saura dakuwar?"

Hajiya Asabe ta hau kame-kame, ashe ta kusa cinye ta, wai don kada ta lalace. Guda ɗaya tal aka samo a ƙasan kwano, da shaidar yatsuna a jikinta. Na ɓantara na sa wa Ummi a baki, ta ci idonta na kan talabijin, kamar ba a taɓa yin komai ba.

To, kun ji yadda aka yi. Ban suma ba, ba a yayyafa mini ruwa ba, kuma talabijin na lulluɓe, gobe ma in na ga tsiraicin gawa sai na lulluɓe. Masu cewa tsohuwa da carbi a hannu ba ta kyauta ba da take kallon matattun Turawa, na ji, Allah ya shirye mu duka. Ubanta ya yi alkawari in an ba da hutun makaranta zai kawo mini ita 'Yargoje. Na riga na aika wa Rabi ta turo fim a wayar matar ɗana, kuma na ja mata kunne: ta zaɓo mini wanda ya fi kowanne ban tsoro.